'Ya Mace a Cikin Littattafan Makaranta: Waiwaye Daga Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuwa haka ne, to, babu littafin da ya kai na aji ɗaya na firamare nauyi a wuyan marubuci, domin shi ne yake fara tanƙwara tunanin yaro tun bai san dama da hagu ba. Yaro ba baƙi da wasali kaɗai yake ɗauka daga wannan littafi ba. Yana duban hotuna, yana lura da wanda aka zana a kan keke da wadda aka zana a bakin murhu, wanda aka ba alli da wadda aka ba tsintsiya. Tun kafin ya iya haɗa jimla ya riga ya gane inda littafin ya ajiye shi, ita ma yarinya ta gane inda aka ajiye ta.

Wannan maƙala za ta dubi yadda littattafan koyarwa suke rarraba ayyuka tsakanin maza da mata, ta ɗauki ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa a matsayin madubi. Ra'ayin da take ɗauke da shi shi ne, zaman jama'a ya sauya ƙwarai daga 1976 zuwa yau, amma hoton mace a littafin aji yana tafiyar hawainiya, kuma kayan gyaran suna nan a cikin tarihin Hausawa da harshensu.

Ƙasar da Ake Magana a Kai

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka a masarautar Dutse, kusa da iyakar Jihar Bauchi. A da suna cikin Lardin Kano, sa'an nan Jihar Kano daga 1967, har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa. Mutanen ƙasar Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo da fatauci su ne ƙashin bayan arzikinsu. Birnin Kudu ta yi suna da zane-zanen shanu na mutanen da, waɗanda ke jikin duwatsunta kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ta kuma yi suna da Kwalejin Gwamnati, makarantar 'ya'ya maza wadda ta samo asali tun kafin mulkin kai, inda manyan mutane da dama suka yi karatu, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote wanda ya gama a 1978.

A nan akwai abin lura. Garin da ya daɗe yana yaye wa ƙasa shugabanni da attajirai, ƙofar da aka fara buɗe masa ta maza ce. 'Yan matan Sundimina da Kiyako da Wurno, da na Sara da Fagam da Basirka, sun daɗe suna ganin makarantar boko daga bakin hanya, da farantin talla a ka. Da lokacinsu na shiga aji ya zo, sai suka tarar da littattafan da aka tsara tun ba a sa ran zuwansu.

Asalin Littattafan

Ilmin boko a Arewa da 'ya'ya maza ya fara. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta 'ya'yan sarakuna da malamai ce, haka kuma Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, kuma abin da aka fi ba ƙarfi a cikinsu shi ne ɗinki da tsabta da reno. Manufar Turawa a fili take: namiji a shirya shi aikin En'e, mace a shirya ta zama matar ma'aikacin En'e.

Da Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira a 1933, littattafai biyar ne suka fito: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubutansu duka maza ne, taurarinsu ma haka. Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, an gina shi ne a kan aku yana ba ɗan sarki labarai, daga bisani kuma yana hore wa ɗansa. Babu mai hankalin da zai raina waɗannan littattafai, domin su ne harsashin rubutaccen zube na Hausa, kuma har gobe ɗalibi yana buƙatarsu. Abin da ake faɗi shi ne, an rubuta su ne domin ajin da 'ya'ya maza suka cika, saboda haka tafiye-tafiye da yaƙi da wayo da sarauta duk sun faɗa hannun namiji. Mace kuwa sau da yawa takan fito ne a matsayin wadda ake nema da aure, ko kishiya, ko tsohuwa mai makirci. Ko da yake akwai mahaifiyar Shaihu Umar, wadda ta keta hamada tana neman ɗanta, ita ma littafin sunan ɗan yake ɗauke da shi.

Hukumar NORLA ta shekarun 1950 da kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 sun gaji wannan turba. Sai a 1980 NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, watau shekara 46 ke nan bayan fitowar Ruwan Bagaja kafin mace ta sami shiga wannan sahu.

Nahawu da Hoto

Ɗalibin Hausa ya fi kowa cancantar ya lura da wannan al'amari, domin harshen Hausa ba ya ɓoye jinsi. Bature in ya umarci yaro ya yi karatu, kalma ɗaya ta ishi namiji da mace. Bahaushe kuwa tilas ya zaɓa: ko ka, ko ki. To, dubi sunayen littattafan koyon karatu waɗanda dubban yara suka tashi da su a Arewa: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Tun daga bango an riga an bayyana wanda ake magana da shi.

Mai ja zai ce ai wannan ka ɗin na kowa da kowa ne, kamar yadda yake zuwa a karin magana, inda ake faɗar ka ana nufin mutum ko wane iri. Wannan gaskiya ne a wurin babba wanda ya ƙware da harshe. Amma yarinya 'yar shekara shida, wadda tun da ta fara jin magana ba a taɓa ce mata ka ba, ba ta san wannan ƙa'ida ba. Abin da kunnenta ya ji shi ne ana kiran wanta. Alhali kuwa harshen ya tanadi mafita ba tare da an karya masa doka ba, domin jam'i a Hausa ba shi da jinsi. Ana iya cewa ku, ko mu, ko a yi amfani da a ta boye mai aiki. Shaidar haka ita ce littattafan Mu Karanta da aka shigar makarantun Bauchi da Sakkwato a shekarun baya-bayan nan. Harafi biyu kawai aka sauya, aji duka ya shiga ciki.

Bayan lamiri sai suna. Hausa tana da malam da malama, manomi da manomiya, ɗan kasuwa da 'yar kasuwa, marubuci da marubuciya. Kalmar likita kuwa ta kowa ce, sai lamirin da ya biyo ta ne zai nuna ko wane ne. Duk malamin da ya buɗe littafin karatu ko na lissafi a ajinsa zai iya gwada wannan awo da kansa: ya ƙirga sau nawa aka ce likita ya zo, sau nawa aka ce likita ta zo, wa ke sayar da buhun gero a tambayar lissafi, wa aka aika sayen gishiri, a cikin hotuna wa ke zaune yana karatu, wa ke tsaye tana hidima. Masu binciken da suka yi irin wannan ƙirga a ƙasashe dabam-dabam, har da waɗanda Hukumar UNESCO ta tattara a rahotonta na ilmi na 2020, sun tarar mata sun fi ƙaranci a littattafan makaranta, kuma in sun fito ma aikin gida aka fi ba su. Ashe ke nan cutar ba ta Hausawa kaɗai ba ce, sai dai a Hausa nahawu yana ƙara fito da ita fili.

Zamani Ya Juya

Shekarar 1976 babbar mahaɗa ce ga wannan batu. A cikinta gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilmin firamare kyauta, makarantu suka bazu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. A cikinta ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, abin da Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka daɗe suna fafutuka a kai tun zamanin NEPU, sa'an nan zaɓen 1979 ya tabbatar da shi a ƙasa baki ɗaya. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare, watau littafin Hausa ya ƙara daraja ke nan. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashinta, matan aure da dama suka koma karatu.

Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya kawo darussan sana'a a ƙaramar sakandare. A takarda an buɗe wa kowa su, amma a aikace sai aka riƙa tura 'yan mata ɗakin girki da ɗinki, yara maza kuma ɗakin sassaƙa da ƙira, kamar dai yadda aka yi a 1930. Bayan haka aka sami shirin UBE a 1999 da dokarsa ta 2004, sai shirin ilmin 'ya'ya mata na UNICEF da ya fara a 2004, wanda Jigawa na cikin jihohi shida na farko. Gwamnatin Alhaji Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, wadda ta yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ta shelanta ilmi kyauta ga 'ya'ya mata. A wannan zamani ne Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 'yar Ringim, ta riƙe Ma'aikatar Ilmi ta jihar, sa'an nan ta zama Ministar Ilmi ta Tarayya daga 2010 zuwa 2013.

Duk waɗannan matakai an ɗauke su ne domin a kai yarinya aji. Gina ɗakuna da ɗauke kuɗin makaranta da raba riguna abubuwa ne da ake iya gani a ƙirga. Abin da yarinyar za ta tarar a shafi na biyar na littafinta kuwa ba ya shiga jawabin biki, saboda haka ba a cika waiwayarsa ba. Sakamakon haka shi ne, gwamnati tana ce mata zo, littafi yana ce mata wurinki na can bayan gida. Jihar da 'yarta ta shugabanci ilmin Nijeriya duka bai kamata yaranta su gama firamare ba tare da sun ga hoton mace a gaban aji ko a kan kujerar shugabanci ba.

Matan da Littafi Ya Manta

Wani abin mamaki shi ne, hoton macen da ba ta san komai ba sai murhu ko da al'adar Hausawa bai dace ba. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa matan kulle suna gudanar da cinikin hatsi mai yawa daga cikin gidajensu ta hannun yara. Enid Schildkrout ta sami irin haka a birnin Kano a shekarun 1970. Wanda ya san ƙasar Gwaram da Birnin Kudu bai buƙatar Bature ya gaya masa. Mata ne ke matse man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli, su ke gyaran shinkafa da riɗi da zoɓo, su ke saƙar faifai da tabarma, su ke kiwon awaki da tumaki, su ke adashi. Bafillatana ita ke da nono da man shanu, ita ke san farashinsu. Kaya da yawa da ake kasawa a kasuwar Sara sun bi ta hannun mace kafin su iso. Matar da ke lissafin riba da uwar kuɗi a ka, ba alƙalami ba takarda, ita ce littafin lissafi ya hana ko da mudu ɗaya na ciniki.

A fagen ilmi ma haka abin yake. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Mahaifinta, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. Tarihi kuma ya adana sunan Daurama da Amina ta Zazzau. Modibbo mace da ungozoma da inna mai koyar da allo a zaure ko a tsakar gida, duk ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa.

Hasarar da wannan mantuwa take jawowa ana ganinta a asibiti. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai kuma makarantar koyon aikin jinya. Magidanci daga Kila ko Kantoga in ya kawo matarsa haihuwa, babban burinsa shi ne mace ta duba ta. Ƙarancin ma'aikatan lafiya mata a Arewa ya kai har aka kafa shiri na musamman a 2012 domin horar da su a jihohi biyar, ciki har da Jigawa. To, ina za a samo ungozomar zamani da likita mace, in yarinya ta shekara shida a firamare ba ta taɓa karanta jimlar da aka ce likita ta zo ba? Ba a girbe abin da ba a shuka ba.

Hujjar Masu Ja

Akwai iyaye da malamai da suke ɗari-ɗari da duk wata maganar gyaran littafi, kuma bai kamata a yi watsi da tsoronsu ba. Sun ga yadda ake shigo da littattafai daga waje ɗauke da abubuwan da suka saɓa wa addini da tarbiyya, kamar yadda ƙorafin jama'a ya sa hukuma a Kano ta hana amfani da littafin Queen Primer a 2023. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Suna kuma cewa aikin gida da reno ba abin kunya ba ne, kuma littafin da ya raina su ya raina iyaye mata.

Wannan magana ta biyu daidai ce. Uwa mai reno da girki tana da babban matsayi, kuma wajibi ne ta ci gaba da fitowa a littafi cikin mutunci. Abin da ake nema shi ne a ƙara mata 'yan'uwa: malama da lulluɓinta tana koyar da lissafi, ma'aikaciyar jinya, mai sana'ar man gyaɗa tana ƙirga ribarta, ɗaliba a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. A kuma nuna yaro yana ɗebo wa mahaifiyarsa ruwa ko yana wanke kwanonsa, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taimaka wa iyalinsa da hidimar gida. Game da tsoron baƙin littattafai kuwa, maganinsa shi ne 'yan ƙasa su rubuta nasu. Muddin masana Hausa suka naɗe hannu, to, wani ne zai zo daga nesa ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jihar Jigawa da Ma'aikatar Ilmi su sa wannan awo cikin sharuɗɗan amincewa da littafi, kamar yadda ake duba ƙa'idar rubutu da ingancin takarda. Hukumar NERDC, wadda aka ɗora wa tsara manhaja tun 1988, ita ma ta yi haka a nata matakin. Na biyu, kwamitin da zai rubuta littafi ko ya tace shi a sa malamai mata a ciki, musamman waɗanda suka koyar a ƙauye, domin su suka san abin da ke sa yarinya ta bar aji ta koma talla. Na uku, kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu yadda za su cike giɓin tsohon littafi da baki. Malamin da ke rubuta misali a allo yana da ikon ya ce Hadiza ta auna gonarta, ko da littafin bai faɗa ba, kuma wannan ba ya cin ko sisi.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundayen neman digiri a kan waƙa da karin magana da nahawu. Zai yi kyau wasu su ɗauki littattafan firamare da ake amfani da su a Birnin Kudu da Gwaram, su ƙirga lamirai da sunaye da hotuna shafi bayan shafi, su fito da alƙaluman da hukuma ba za ta iya musantawa ba. Wasu kuma su shiga ƙauyuka su tattaro tarihin malamai mata da ungozomomi da masu sana'a, a mayar da shi gajerun labarai na aji uku da aji huɗu.

Kammalawa

An ga yadda littafin boko na Hausa ya taso a ajin 'ya'ya maza, da yadda sauye-sauyen siyasa daga 1976 suka kawo 'ya mace cikin ajin ba tare da an sake wa littafin fasali yadda ya kamata ba. An kuma ga cewa harshe da tarihi da addini duk sun ba da damar gyara. Yarinyar da ke zaune a kan benci ko tabarma a firamaren Fagam ita ce ake sa ran ta karɓi haihuwa a asibitin Birnin Kudu nan da shekara ashirin, ita ce kuma za ta fara koya wa 'ya'yanta baƙi da wasali. Haƙƙinta ne ta buɗe littafi ta ji ana magana da ita. Allah Ya ba malamai da marubuta ikon sauke wannan nauyi, amin.